Furar Mutum Arba'in

Ni Batula mai ƙosai, ina da shekara hamsin da bakwai na yi sauka. Mai dariya ya yi, ni na riga shi. Shekara tara na yi ina zuwa makarantar matan aure ta Malama Nasiha da la'asar, hannuna na ƙanshin man gyaɗa, ina zama tabarma ɗaya da yaran da na ci tuwon sunansu. Su su biya sau biyu ya zauna, ni sai na biya sau ashirin. Amma dai na kai izu sittin, kuma ba wanda ya kai mini.

A garinmu, Tungar Jumare, in an yi sauka akwai zagaye. Bayan an kai gero gida ake yi, lokacin da kowa ke da abin fitarwa. Masu sauka su sa fararen hijabai, kowace ta rungume allonta mai zayyana, sauran ɗalibai su biyo baya suna waƙen makaranta. A bi gari, a tsaya ƙofar iyayen kowace mai sauka. Nan za ta karanta abin da ya sawwaƙa, mutanen gida su fito da abin sha, a yi addu'a, a ƙara gaba. Mu shida munka sauke a shekarar. Biyar ƙofofinsu na nan cikin gari. Tawa ƙofar tana Shiyar Ƙetare, bayan kwalbatin rafi, inda Innata Hauwa'u take zaune.

Inna ta haura tamanin a lokacin. Idanu sun tafi, ƙafa ma ba ta kai ta nesa da zaure. Ita ce ta cire ni daga makarantar allo ina 'yar shekara tara, bayan rasuwar Baba, ta aza mini ƙwaryar fura a ka. Da tallan nan anka ciyar da ƙannena. Ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun da na koma karatu, duk ranar da na je gaishe ta, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce izu nawa yanzu. In na faɗa, sai ta ce to, ta kama wata hira.

Ba takardar shaida nake so ba, ba atamfar da ake ba masu sauka ba. Abu ɗaya nake so, har yana hana ni cin abinci: Inna ta zauna ƙofar gidanta, ta ji muryar mata arba'in ta karyo kwana wajen tsamiyar bakin lungunsu, ta taho, ta tsaya gabanta saboda ɗiyarta. Tunda ba ta gani, ta ji da kunnenta.

Da can, in za a yi zagaye sai dai a gaya wa mai unguwa da baki. Tun da zaman lafiya ya yi ƙaranci a yankin, anka ce ba mai hawa titi da taron jama'a sai da takardar izini. Ban ga laifinsu ba. A rubuta tun da sauran mako biyu, a faɗi hanyar da za a bi lungu-lungu, da ƙarfe nawa za a fito, da ƙarfe nawa za a watse, da yawan mutane, mai unguwa ya sa hannu, sannan a ba da ɗan sandan da zai raka. Wannan aikin na Malam Gazali ne, magatakardan makaranta, mutum mai biro uku a aljihun gaba. Da sauran mako uku ya hau mota ya tafi Tambuwal. Ya dawo yana tafiya yana buɗa kafaɗa, takarda cikin leda, yana nuna wa kowa hatimi. Hatimin dai munka kalla dukanmu. Har ƙosai na zuba masa kyauta, da yaji.

Ana saura kwana fuɗu, Kofur Haliru, wanda anka ba rakiyarmu, ya zo ya taka hanyar da ƙafa shi da Malam Gazali. Ina tuya a bakin titi na gan su sun wuce. Ba a jima ba sai ga Malam Gazali ya dawo shi kaɗai, hula a hannu, ya tsaya gaban kaskona yana ta gaishe ni, gaisuwa ba ta ƙarewa. Na ce Malam, faɗi abin da ya kawo ka, mai na ƙonewa.

Ashe a jikin takardar, layin ƙarshe da ya rubuta ƙofar Inna, an ja masa jan biro. A gefe an rubuta cewa ikon ƙaramar hukumar Tambuwal ya tsaya a kwalbati, abin da ke bayansa ƙasar ƙaramar hukumar Kebbe ce, can za a nema.

To, mun sani mana. Wa bai sani ba? Amma ranar zaɓe kawai muke tunawa, in mutanen Ƙetare sunka nufi tasu rumfa mu munka nufi tamu. Ban da wannan, masallacin Juma'armu ɗaya, kasuwa ɗaya, maƙabarta ɗaya. Mai ciwo a Ƙetare Tambuwal ake kai shi. Akuyar Ƙetare a gonata take ɓarna. Ko a mafarki ba wanda ya kawo cewa kwalbatin da yara ke zama a kai suna cin rake zai iya tsai da zagaye.

Abin da na gaya wa Malam Gazali a ranar, Allah ya yafe mini. Na ce kwana goma sha bakwai takarda na aljihunka, da biro uku, ba ka karanta ta ba? Na ce ni da na koyi baƙi da furfura a kaina, da ka miƙo mini da na gano jan layi. Na kwashe ƙosan da ya ƙone na watsa wa kaji.

Washegari Laraba na rufe tuya, na hau kabu-kabu sai Kebbe. Hanyar nan ta kwance mini duk wata gaɓa. A sakatariya anka yi ta nuna mini ƙofa bayan ƙofa, har na dace da mai aikin, wani dattijo mai tabarau. Na shiga da shirin faɗa, na ma tanadi kalamaina tun a kan babur. Sai mutumin ya ba ni kujera, ya sa anka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Ya ce mako biyu doka ce, ba shi ya yanka ta ba. Sai mai unguwar Ƙetare ya sa hannu, sai an duba hanyar, sai an ware wanda zai raka daga nasu ɓangaren, kuma duk wannan ba ya yiwuwa kafin Asabar. Na ce tsohuwa ce, makauniya, tafiyar ba ta fi a kira mutum ya amsa ba. Na roƙe shi. Ni da ban iya roƙo ba, na roƙe shi.

Ya cire tabarau ya ce, "Baiwar Allah, in na sa hannu yau, wani abu ya samu matan ga a kan hanya, mi zan ce ma mazansu?"

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ta fi komai ƙona mini rai. Ya ba ni fom wanda ba a cike ba, ya ce in adana saboda gaba.

Na dawo na sami Malama Nasiha, ko za a ɗaga ranar. Ta riƙe hannuna ta lissafa mini: takardar Tambuwal da ranar Asabar a jikinta, baƙi an gayyato daga Dogon Daji da Sanyinna, ɗiyar wata cikin masu sauka ta riga ta taso daga Sakkwato. Mata biyar ba za su jira mace ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa. Har ƙwalla ta yi, amma ranar ba ta motsa ba.

Saura in gaya wa Inna. Ranar Juma'a na ƙetara da niyyar haka. Tun daga zaure na ji daka. Najiba, matar ƙanena, da maƙwabta biyu suna kan turmi, Inna na zaune a tsakiya tana mulki. A miƙo mata gari ta murza da yatsa, ta ce a koma, bai yi laushi ba. Ta sa a ƙara citta, a rage kanumfari. Ta riga ta aika rugar su Rauda mai nono a aje mata nono kindirmo, kada a sa masa ruwa ko ɗigo. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka, na manta.

"Mutum arba'in kinka ce ko?"

Na ce, "I, Inna."

Ni da duk kasuwa ke shakkar bakina, abin da na iya faɗi ke nan. Na zauna na taya su cura fura, na koma gida.

Asabar da hantsi munka fito. Zagaye ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙofa biyar munka tsaya, uwaye na guɗa, ana ta watsa alewa, wani tsoho ya kasa addu'a don kuka. Ina murmushi inda ya kamata, ina amin inda ya kamata, amma hankalina na Ƙetare. Daga ƙofa ta biyar titi ya miƙe sai kwalbati. Kofur Haliru ya riga mu isa, ya tsaya a gefe yana kallon ruwan rafi. Da na matso sai ya ce, a hankali, takarda taro ta hana, ba ruwanta da mace ɗaya da za ta je gaida uwarta.

Malama ta sa mata sunka tsaya nan bakin kwalbati, sunka ɗaga murya iyakar ƙarfinsu, ko Allah zai sa ta kai. Na san ba za ta kai ba. Tsakanin nan da gidan Inna akwai gangare, akwai injin niƙa, kuma injin na aiki. Da lokacin da ke cikin takarda ya cika, sunka juya.

Na ƙetara ni kaɗai, da farin hijabi, allo a ƙirji. Mutanen Ƙetare duk sun fito ƙofofinsu. Kowa ya dube ni, sai ya leƙa bayana. Wallahi ban taɓa sanin hanyar nan na da tsawo haka ba.

An share ƙofar Inna, an yayyafa ruwa. Ga manyan ƙore uku an rufe da faifai, ga ludaya an jera a tire. Tana zaune kan sabuwar tabarma da zanenta na saƙi, wanda take cewa na ranar babban abu ne, ta karkata kunne wajen tsamiya. Ta gane takuna.

"Batula? Ina sauran?"

Na durƙusa na gaya mata duka, da jan biro, da Kebbe, da ƙaryar da na yi mata jiya. Na jira faɗa. Sai ta miƙo hannu biyu ta ce in ba ta allon. Ta shafa shi tun daga sama har ƙasa, tana bin zayyanar da yatsa. A juye ta riƙe shi, ban gyara mata ba.

Ta ce in karanta. Na ce daga ina, don ga al'ada mai sauka ke zaɓa.

"Daga inda na tsai da ke. Izu na uku kinka shiga, ranar wata Laraba. Malaminku ya aiko har sau biyu, na ce a ce mai ba ki da lahiya."

Shekara arba'in da takwas. Ni na manta ranar, na manta izun, ita tana riƙe da su. Sai ga hawaye. Ta dafa gwiwata ta ce ba sauri ake ba, fura ba ta gudu. Na share fuska da bakin hijabi na fara. Ba mata arba'in, ba waƙe, daga ni sai ita sai Najiba a bakin zaure da wasu yara da sunka taru. Na karanta izun har ƙarshe. Da na shafa addu'a, ta laluba ta buɗe faifai, ta dama da kanta, ta miƙo mini ludayi. Sauran furar anka bi gida-gida da ita a Ƙetare, har wadda ba mu shiri da ita ta sha.

Inna ta rasu da bazara, kafin ruwan farko.

Da kaka ta zagayo, tun da sauran mako biyar na je na tsaya ƙofar Malam Gazali da fom ɗin nan na Kebbe. Tare munka tafi Tambuwal, tare munka tafi Kebbe, kuma kowace takarda sai da na sa ya karanta mini ita da ƙarfi, layi-layi, har da kwanan wata. Dattijon mai tabarau ya gane ni. Ya tambayi tsohuwa, na gaya masa. Ya daɗe yana goge tabarau kafin ya buga hatimi.

A shekarar babu mai sauka ko ɗaya daga Ƙetare, amma Malama Nasiha ta ce a rubuta ƙofar Inna a cikin hanya. Ban bi zagaye ba. Tun da safe na ƙetara, na roƙi mai injin ya kashe na awa ɗaya. Na share ƙofa, na yayyafa ruwa, na jera ƙore uku. Citta da yawa, kanumfari kaɗan. Na shimfiɗa tabarmarta daidai inda take sa ta, na zauna, na karkata kunne yadda take yi, na rufe idona.

Ashe daga wurin, tun kafin matan su kai tsamiya ake fara jiyo su.