Ɗingishin Kaka Halvard

"Ku ɗaga ta sama! Za ku karya mini shinge!"

Daga tagar kicin na daka musu tsawa, amma ko a jikinsu. Tsofaffi biyu, Sixten mai ganga da Folke mai gita, suna ta fama da wata ƙatuwar lasifika, sun ratso da ita ta lambuna wai nan ya fi kusa da rumbun ciyawar maƙwabcina Ebbe. Sixten yana jan ƙafa, don tun aikin da aka yi masa a ƙugu bara bai koma daidai ba.

"Yi haƙuri, Gunnel," in ji Folke yana haki. "Wannan ne na ƙarshe."

"Haka kuka ce mini tun ina amarya."

Ya yi dariya, ni kuwa na kasa, don wannan karon gaskiya ya faɗa. Likita ya sallamo Ebbe Norell gida ne saboda babu sauran abin da za a yi masa.

Shinge ɗaya ya raba gidana da na Ebbe, kuma kusan shekara hamsin na yi ina ƙorafi a kan hayaniyarsa. Tun suna samari masu gashi har kafaɗa shi da Sixten da Folke suka kafa ƙungiyar kiɗansu a rumbun nan, suka sa mata suna Tsatsa. Ebbe ya jona wa gogensa wutar lantarki, ya kwaso waƙoƙin kakanninmu na girbi da na biki ya haɗa su da gita da ganguna. Waƙa ɗaya sai ka ɗora dankali ya nuna ba ta ƙare ba. Sun zaga Jamus da Holan a wata tsohuwar motar burodi, sun fitar da faifai uku, sannan suka watse kan rigimar da babu wanda ya tuna mafarinta. Har yau baƙi sukan zo daga Japan su ɗauki hoton rumbun, su tattake mini furanni.

Sai dai ɗaukakar ta zo da tsada. A ƙauyenmu kowane gida yana da waƙarsa ta rakiya. Idan aka yi rasuwa, wani daga jinin mamaci ne zai shiga gaban akwatin gawa da goge, ya ja mutane daga ƙofar gida zuwa coci. Wanda aka kai shiru, to baƙo ne, ko wanda danginsa suka yafe. Waƙar gidan Norell kuwa ɗingishi take yi: taku biyu daidai, na uku ya ɗan makara. Kakansu Halvard da ya tsara ta, gungumen itace ya taɓa murƙushe masa ƙafa a daji, yadda yake tafiya haka yake kiɗa. Duk wanda ya bi gawar gidan Norell sai ya tsinci kansa yana ɗingishi.

Ita wannan waƙar Ebbe ya sa a faifansu na biyu, ita ce kuma ta fito da su duniya. Amma ƙafar da Sixten yake buga babbar ganga da ita a lokacin agogo ce, ba ta san makara ba. Ya daidaita taku na ukun tsaf, Ebbe ya ƙyale shi don samari su ji daɗin tsalle. Da yayarsa Majvor ta ji faifan, ita da mahaifinsu ya damƙa wa gogen gidan, sai ta ce, "Kun miƙe wa Kaka ƙafa. To, duk ranar da ka mutu ka nemi mai shiga gabanka." Gidanta yana tsallaken titi, amma tun daga ranar ba ta sake taka nasa ba.

Da rana na kai wa Ebbe romon kifi da dankali. An jawo gadonsa bakin taga, ya rame har zobensa yana yawo a yatsa.

"Maƙwabciya, kin zo kawo ƙara?"

"Na zo in ga ko ka mutu in huta."

"Saura kaɗan." Ya kurɓi cokali biyu ya ture kwanon. "Kin je wajen Yaya?"

"Na je. Ta ba ni kofi da burodin kirfa, ta tambaye ni lafiyar kyanwata. Maganar rakiyarka kuwa ta kauce mata."

Ya juya fuska wajen taga. Ban taɓa ganin tsoro a idon Ebbe ba sai ran nan, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Ba mutuwar ba ce, Gunnel," ya ce. "Shirun ne. A wuce da ni ta gaban shago kamar an ɗauko kabad. Shi ya sa na kira waɗancan sakarkarun. In babu goge a gaba, a samu hayaniya a baya."

Can sai aka fara gwaji a rumbu. Gitar Folke ta yi wani kuka da ya kori hankakin da ke kan rufi, sannan gangar ƙafa ta shigo. Ba su yi nisa ba suka tsaya. Muna jiyo su ta taga.

"Kana makara, Sixten!"

"Ba ni ba ne, ƙugun ne! Ina aika wa ƙafar saƙo, sai ta ga dama take amsawa."

"To ka aika da wuri mana!"

Suka sake ɗauka. Biyu daidai, na uku ya makara. Biyu daidai, na uku ya makara. Sixten yana zagin likitan da ya yi masa aiki, yana bugawa. Ni ba mai kunnen kiɗa ba ce, amma nan take na gane ɗingishin waƙar gidan Norell ne, ko da yake rabona da jin wannan takun tun jana'izar mahaifin su Ebbe. Ebbe ya damƙi hannuna.

"Kin ji abin da nake ji?"

Kafin in amsa, na hango ƙofar tsallaken titi ta buɗe. Majvor ce, da silifas ɗin cikin gida, ko rigar sanyi ba ta tsaya sawa ba. Ta tsallako titin da ta yi rabin rayuwarta ba ta tsallaka ba, ko duba mota ba ta yi ba. Na bar Ebbe na bi ta da gudu irin na tsofaffi.

Ta tsaya a bakin rumbun, kiɗan ya mutu.

"Wa ya koya maka?" ta tambayi Sixten.

Ya cire hula. "Yi haƙuri, Majvor, kuskure ne. Ƙafar ce ta lalace."

"Ƙafar ce ta yi hankali. Sake."

Ya sake. Ta rufe ido tana bi da kai.

"Kai kuma, Folke, rage wannan ihun, ba alade ake yankawa ba. Gunnel, je ki gidana, gogen yana kan kabad."

Da na kawo mata gogen, a tsakar gida ta tsaya, daidai tagar ƙanenta, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Yatsunta sun kumbura da tsufa, farkon jan da ta yi ma sai da ya karce. Amma da ganga ta shigo ƙarƙashinta, gita ta biyo a hankali, sai waƙar ta tashi tsaye. Na rantse ban taɓa jin abu mai daɗinta ba, ni da na sha toshe kunne da auduga saboda mutanen nan. Ebbe ya sa an buɗe masa tagar, yana kuka yana dariya.

"Yaya, ai ba a yi wa mai rai wannan waƙar!"

"Gwaji ne," ta ce. "Rufe tagar kada sanyi ya kashe ka kafin mu iya."

Bai kai ƙarshen makon ba. Ya cika da hantsi, Majvor tana zaune gefensa tana yi masa faɗa kan yadda ya bar gogensa ya yi ƙura.

Ranar rakiya dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Fastonmu, wadda mace ce, ta so ta yi magana da ta ga tarakta ta jawo tirela ɗauke da ganguna da lasifika da janareta, amma ta dubi fuskar Majvor ta haɗiye maganarta. Majvor ta shiga gaba da gogen gidansu, akwati a bayanta, Tsatsa a bayan akwati, mu kuma a bayan Tsatsa. Mutanen ƙauye sun fito kaf, ga wasu masoyan Tsatsa masu furfura da rigunan fata da suka kwana a hanya daga Jamus. Da muka zo gaban shago Folke ya manta da gargaɗin da aka yi masa, ya saki gitar har gilasan tagogi suna rawa. Majvor ba ta waiwayo ba, ƙara ƙarfin nata ta yi. Ni da ƙafafuna lafiya lau, ban san lokacin da na fara ɗingishi ba, har Jamusawan ma sun kama.

Bayan an gama na riga kowa fitowa, don in ɗora kofi. Titin babu kowa, babu motar da ta bi ta kai tukuna. Sawun mutane ya miƙe a kan farar ƙanƙara tun daga ƙofar Ebbe har ƙofar coci, kowane taku na uku da ɗan jan ƙafa a bayansa.