Ƙullin Waldar Kawu Mato

A shekarar 2001 Hajiya Ramatou, mai sayar da atamfa a Agege, ta sa Mato mai walda ya ƙera mata ƙafar tankin ruwa. Ɗan 'yar'uwarsa Shafi'i, wanda ke karatun injiniya, ya ce kada a ɗora tanki sai kwamfuta ta gwada ƙarfen.

Ya zana ƙafar a tsohuwar kwamfutarsa. Na'urar ta lulluɓe zanen da raga mai manyan idanu.

"Kawu, kowane ido tana lissafa nauyin da yake ɗauka," in ji Shafi'i. "Inda take shakkar lissafinta, sai ta ƙara tsattsaga idanun wurin, ta sake."

"Ni hawa nake yi in yi tsalle," in ji Mato.

Ko'ina ya fito shuɗi, ban da lungu ɗaya, inda ƙafa ta haɗu da gindin tanki. Nan ya yi ja, alamar haɗari. Kwamfuta ta tsattsaga wurin, ja ya ƙaru. Ta sake, lambar da ke nuna nauyin da ke kan lungun ta kusa ninkawa. Kafin la'asar idanun lungun sun koma kamar rariya, lissafi kuma na nuna ko bokiti aka ɗora ƙarfen zai tsage.

Da Hajiya ta ji labari, ta kwashe awakinta daga tsakar gida inda za a kafa tankin, ta taho shagon Mato a okada.

"Mato, kashe ni za ka yi?"

Mato ya saka tabarau ya leƙa zanen, har hancinsa na taɓa gilashin kwamfutar.

"Wa ya haɗa wannan lungu mai kaifi kamar reza?"

"Haka ake zanawa, Kawu."

"To ba aikina ba ne. Zo ka gani."

Ya ja shi waje. A lungun ƙarfen akwai ƙullin walda, mummuna, kamar ƙuli-ƙuli. Shafi'i ya tsuguna yana kallo, sai ya tuna malaminsu ya taɓa cewa lungu mai kaifi a zane yana sa lambar ta yi ta hawa ba iyaka. Ya koma ya saka ƙullin cikin zane. Ja ya dusashe, lambar ta tsaya wuri ɗaya.

Aka ɗora tanki ranar Asabar, aka cika shi, ko motsi bai yi ba. Tun daga nan duk wanda ya kushe waldarsa, sai Mato ya ce, "Oga, kwamfuta ce ta ce a bar shi haka."