Ranar da Ƙafar Doña Nereida Ta Bar Ƙasa

Dokar Doña Nereida ɗaya ce, kuma kowa a unguwar ya haddace ta: mai rawar kumbiya ba ta ɗaga ƙafa. Ja ake yi, tafin ƙafa manne da ƙasa, ƙugu na tafiya a hankali, kafaɗa ba ta motsi, damin kyandir a hannun dama, bakin buje a hagu. Wadda duk ƙafarta ta bar ƙasa a wurin atisaye ta koma ƙarshen layi cikin 'yan koyo, faretin bikin Karnabal na shekarar sai dai ta yi shi tana kallon ƙeyar mutane. Shekara talatin da ɗaya Nereida ke jan layin matan ƙungiyar rawar unguwarsu a birnin Barranquilla, ba wanda ya taɓa ganin haske tsakanin ƙafarta da kwalta. Da wannan take taƙama, da shi kuma take cin zarafin mutane, don bakinta ba birki.

Wadda ta fi kowa ɗanɗanar bakin nan ita ce Yuleidis, 'yar ƙanenta, wadda ta riƙe tun tana shekara shida. Shekara huɗu da suka wuce, saura mako ɗaya biki, daɗin kiɗa ya ɗebi yarinyar ta ɗan daka tsalle. Nereida ta tsayar da makaɗa, ta fizge kyandir daga hannunta a gaban duk unguwa, ta ce ita dai ta ɗauka mutum take reno, ashe akuya ce. Yuleidis ba ta koma ƙarshen layi ba. Gida ta wuce ta kwashe kayanta. Daga baya aka ji wai tana koyar da rawar motsa jiki a wani fili can nesa, irin wadda mata ke taruwa da sassafe suna tsalle a gaban lasifika. Nereida ta ce ai dama, akuya ta sami garkenta.

To, a watan Oktoba sai jiki ya juya mata baya. Likita ya auna jininta, ya auna suga, ya cire tabarau ya gaya mata ba kwana-kwana cewa in ba ta riƙa yin gumi kullum ba, faretin bana ba da ƙafarta za ta kai ƙarshensa ba, a motar asibiti za a ƙarasa da ita. Atisayen kumbiya sau ɗaya a mako bai isa ba. Ya ce ta shiga rawar motsa jiki, ai kyauta ake yi a kowane fili.

Akwai irinta a filin da ke bayan gidanta. Amma da wane ido za ta je? Matan wurin ne take zama a bakin ƙofa da kofin gahawa tana tambayarsu ko kunama ce ta shiga takalmansu. Sai ta zaɓi wahala. Ta sa hular marigayi mijinta da baƙin tabarau, ta gaya wa maƙwabta asibiti take zuwa gashin gwiwa, ta hau bas biyu har garin Soledad inda ba wanda ya san ta. Ta laɓe a sahun baya, gefen wata bishiyar mangwaro. Aka kunna lasifika, mai koyarwa ta hau kan dakali ta juyo, sai ga Yuleidis.

Suka haɗa ido. Nereida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jira dariya, ta jira a mayar mata da maganar akuya a gaban mata hamsin, kuma ta san in an yi haka ba a zalunce ta ba. Yuleidis dai ta yi wa sababbin zuwa barka gaba ɗaya, ta soma ƙirga.

Wata uku ana haka, Litinin da Laraba da Juma'a. Ko sau ɗaya yarinyar ba ta ce mata Gwaggo ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, har ubanta. Rana ɗaya ce kawai ta sauko ta zagayo baya, ta tsaya gefenta ba tare da ta dube ta ba.

"Mama ta baya, a sassauta gwiwa. In kin yi tsalle ki sauka kan yatsu, kada ki ji ciwo."

Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Abin da ya fi shi ciwo kuma, wanda Nereida ba ta yarda ta faɗa wa ko matashin kanta ba, shi ne rawar ta shiga ranta. Jini ya sauka, numfashi ya dawo, ta soma kosawa gari ya waye. Akwai wata waƙa da ta fi so, tsohon kiɗan kumbiya ne da aka ƙara wa sauri. A tsakiyarsa sarewa kan hau sama ta tsaya cak, nan duk mata su daka tsalle, su tafa sama da kai, su yi ihu. Nereida ba ta taɓa kuskure wurin ba. Ta dawo gida kuma ta zauna bakin ƙofa ta ci gaba da yi wa matan filin bayan gida ba'a, don in ta daina za a tambayi dalili.

Atisayen ƙarshe ya faɗo ranar Asabar da la'asar, saura mako ɗaya Karnabal. Aka tare titi da kujeru, duk unguwa ta fito. Mata arba'in sun sha bujensu mai ja da fari, maza arba'in cikin fararen kaya da jan ƙyalle a wuya. Nereida na gaba, gefenta Dagoberto, abokin rawarta na shekara ashirin, yana zagaya ta da malafa a hannu. Tun kafin a soma ta hango Yuleidis wajen mai suyar rogo, ta zo gaida ubanta ta tsaya kallo. Nereida ta kau da kai, ta ƙara miƙe wuya.

Suka yi kiɗa biyu lafiya lau. A na uku tsoho Eusebio ya kai sarewar kara bakinsa, ya ɗauko kiɗan nan da take tsalle da shi a Soledad. Nereida ta gane shi tun busar farko. Ta ja wa kanta kunne. Amma a nan kiɗan a hankali yake tafiya, yadda ta san shi tun tana budurwa, ganguna na bin sa a natse, sai hankalinta ya kwanta. Ta kai kyandir kusa da fuskar Dagoberto, ya ja da baya yana murmushi, ta juya buje ya buɗe, mutane suka yi shewa. Sarewa ta hau sama ta tsaya cak.

Jikin bai yi shawara da ita ba. Ta saki buje, ta daka tsalle da ƙafa biyu, ta tafa sama da kai, kyandir ya watse a titi, har ihun sai da ta yi. Ta sauka kan yatsu, gwiwa a sassauce, yadda aka koya mata.

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wani kyandir ya yi ta gangarawa har ya faɗa kwata. A kan kujerun gaba matan filin bayan gida na zaune, kuma su ba sa buƙatar a yi musu bayani. Doña Amparo, wadda ta fi shan tambayar kunama, ta karkata wajen ta kusa da ita ta ce, da muryar da ba ta yi ƙasa sosai ba, wannan saukar ba ta sabon shiga ba ce, an daɗe ana koyon ta.

Dagoberto mutumin kirki ne. Ya durƙusa ya tattaro kyandir, ya ɗaga murya ya ce tururuwa ce ta cije ta, shi ma ɗazu ta cije shi, titin nan cike yake da su. Ya yi wa Eusebio alama a ci gaba. Nereida ta duba layi, ta ga mata arba'in kowacce ta sami abin kallo a ƙasa, duk sun shirya karɓar ƙaryar don su rufa mata asiri. Cikinsu akwai waɗanda ta kora baya saboda abin da bai kai rabin wannan ba. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta na zafi.

Ta karɓi kyandir daga hannun Dagoberto, ta ce masa ba wata tururuwa. Ta ratsa kujeru, bujenta na gogar gwiwoyin mutane, har wajen mai suyar rogo. Ta miƙa wa Yuleidis damin da hannu biyu.

"Wata uku nake zuwa wurinki ina tsalle," in ji ta, yadda kowa zai ji. "Kin rufa mini asiri, ni kuwa na tona miki naki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Zo ki ja layin. Naki ne."

Yuleidis ta dubi kyandir ɗin ta daɗe. Idonta ya ciko, amma hannunta bai motsa ba.

"Gwaggo, shekara huɗu da suka wuce, ko guda ɗaya kika maido mini da na karɓa da gudu. Yanzu ina da nawa layin, mata hamsin ke jira na." Ta share ido da bayan hannu. "Ranar Litinin ki zo. Likita bai ce ki daina ba."

Nereida ta tsaya da hannu a miƙe, ba wanda ya karɓa. Shekara huɗu tana riƙe da gurbin nan kamar abin da za ta bayar ranar da ta ga dama, ashe mai shi ta daɗe da daina jira.

Ta juya ta bi gefen layi, ta wuce Dagoberto da ke riƙe da malafa a ƙirji, ta wuce mata arba'in ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe inda 'yan koyo suke. Suka matsa mata a tsorace. Gaba ya zauna ba kowa, Eusebio na ta waige yana jiran wanda zai ba shi izini. Daga can baya Nereida ta ɗaga kyandir ta yi masa alama, sannan ta kama bakin buje, ta manna tafin ƙafarta da kwalta.