Maiwar Baba Gide

Ni Alheri, yayar Tabita ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce hassada ke sa ni magana.

Ranar da 'yan bindiga suka kore mu daga Tafoki, kakarmu Iya Mero ba ta ɗauki ko zane ba. Wani ɗan tulu ta runguma har Sheme, cike da irin maiwar da marigayi mijinta Baba Gide ya gada wajen ubansa. Rumbuna duk sun ƙone. Duk duniya abin da ya rage na wannan iri ke nan, mudu ɗaya da ɗan ɗoriya. Shekara biyu tana ajiye da shi cikin toka, tana jiran mu samu gona.

Sai ga Tabita daga jami'a, baki har kunne. Wai an zaɓe ta cikin ɗaliban shekarar ƙarshe, an ba ta tallafi ta yi bincike na ƙashin kanta a kan tsofaffin iri. Ta durƙusa gaban tsohuwa.

"Iya, hoto kawai za a ɗauka a auna. Kafin ruwan fari zan dawo maki da shi."

Na ce a ba ta tafi ɗaya. Ta harare ni, wai ni da ko sakandare ban gama ba me na sani? Iya ta ba ta tulun gaba ɗaya, har da sa albarka.

Ashe 'yar banza ta san niƙa shi ake yi kafin a gwada. Ta sani sarai! Da bakinta ta faɗa mani daga baya, ko kunya babu, wai in gwajin bai kai uku ba ba a karɓar aikin. Haka aka niƙe irin kaf.

Aiki kuwa ya yi kyau, har lambar yabo aka ba ta. Mu kuma a lokacin aka ara mana 'yar gona bayan gari. Iya, da idonta da ba ya gani sosai, ta riƙa bin kunyoyin gonar tana lalube da hannu, kullum tana tambayar ko Tabita ta bugo waya.

Tabita ta zo bayan ruwa na biyu, da tulun a jaka. Maiwa ta saya a kasuwar Ƙanƙara ta cika shi, har ta barbaɗa toka. Wallahi na so in yi shiru, ashe Iya ba sai an faɗa mata ba.

Iya ta zura hannu, ta murza, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Iya, sunan Baba Gide yana cikin littafin binciken," in ji Tabita. "Shafi na farko ma."

Tsohuwa ta tofar. Ta juyo wajena.

"Alheri, ki ba baƙuwar nan ruwa ta sha, ki raka ta bakin titi. Kada ta rasa mota."