Ruwan Daɗi a Daɓen Jirgi

Jirgin nan bai taɓa kai kowa ko'ina ba. Masu shirya fim ne suka sa aka ƙera shi da katako, da dogayen turaku uku da manyan filafilai, suka gama abinsu cikin wata biyu suka watse. Wani attajirin Jidda ya saye shi ya ɗaure a bakin teku, kudu da gari, iyalai suna zuwa kallo Alhamis da Juma'a. Mai kula da shi Kawu Badaru ne, dattijon da ya shekara talatin a ƙasar, attajirin kuma shi ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a wajen hukuma.

Da ciwon gwiwa ya matsa wa Kawu, sai ya jawo maƙwabcinsa na unguwar Kurayyat, Haladu, magidanci da ya zo umara ya maƙale babu iƙama, takardar izinin zama. Aiki ɗaya ya damƙa masa: kullum da sassafe ya zura guga a teku ya jiƙe daɓen jirgin kaf, don kada rana ta tsattsage katakon.

To, Haladu mutumin tudu ne, tafki ne iyakar ruwan da ya sani. Ga shi da ido. Ya ga yadda gishirin Jidda ke cinye ƙofar ƙarfe, ya ga motoci sun zama rariya. Ya ce a ransa tsufa ya fara taɓa Kawu, in ba haka ba wane mai hankali zai yi wa abin da yake ƙauna wanka da gishiri? Bai yi musu ba, ai ba a musu da babba. Sai ya koma ɗibar ruwan daɗi daga tankin alwalar baƙi, yana wanke daɓen tas, har yana yaba wa kansa. Shekara biyu cur yana wannan alheri a ɓoye.

Wata Juma'a da la'asar, wani baƙo ya tsaya gindin turken tsakiya a ɗauke shi hoto, ƙafarsa ta burma har gwiwa. Bai ji ciwo ba, amma ya yi faɗa kamar zai ci mutum. Kafili ya kawo wani tsohon masassaƙin jirage, Bayamane. Tsohon ya soka wuƙa a daɓen, ta shige kamar a gurasa. Ya ce katakon bai sha gishiri yadda ya kamata ba.

Haladu ya ja shi gefe, ya tambaya da guntun Larabcinsa: ruwan daɗi fa?

"Shi ne ajalin katako," in ji tsohon. "Gishiri ke tsare shi."

A makon nan kafili ya ce wa Kawu halas, zance ya ƙare, ba zai sabunta masa iƙama ba, ya shirya komawa gida. Kawu bai ambaci Haladu ba, don kada a kama shi. Haladu kuwa ya yi ta gaya wa kansa cewa in ya yi magana laifin Kawu zai ƙaru, tunda ya sa marar takarda aiki. Gaskiya ce, amma ya san ba ita ta rufe masa baki ba. Kunya ce, da tsoro.

Ranar tafiya ɗakin Kawu ya cika da masu sallama, an ɗaure akwatuna. Dattijon ya bi kowa yana neman gafara kamar yadda aka saba. Da ya iso kan Haladu sai ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Haladu, ka yafe mini. Shekara biyu na sa ka jan guga a banza. Da na ce maka safe da yamma, da jirgin nan bai ruɓe ba. Ashe ban san aikin ba."

Maganar ta zo wa Haladu har baki. Ya dubi mutanen da ke ɗakin, ya haɗiye ta.

"Ba ka yi mini komai ba, Kawu."

"A'a, faɗa da bakinka, in tafi da sanyin zuciya."

"Na yafe," in ji Haladu.