Sandar Baba Na'Allah

"A fitar da karen nan kafin rai ya yi halinsa," Barau ya ce, yana nuna ɗan kwikwiyon da ƙafa. "Kawu na kwance haka, so kuke mala'ikun rahama su tsaya a titi?"

Mastura ta ja kwikwiyon zuwa bayan gida ta ɗaure shi a jikin tankin ruwa, zuciyarta na ƙuna. Barau dai mai sayar da raguna ne a kasuwar Alaba Rago, kuma sai jiya ya tuna yana da kawu a Agege. Ita kuwa ɗakinta na kallon na Baba Na'Allah a gidan hayar nan, ita ke dama masa koko tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina zuwa mayanka sayen fata.

A cikin kwata tsohon ya tsinci kwikwiyon ranar wani ruwa, ya sa masa suna Danfo saboda rawaya ne kamar motocin hayar garin. Mutanen gida sun yi surutu har sun gaji. Wadda ta fi kowa ƙin baƙon ita ce Zinariya, kyanwarsa. Kullum Danfo zai afka mata da wasa, ya cafki jela, ita kuma ta tsaga masa hanci. Baba bai taɓa dukan ko ɗaya ba. Sanda yake bugawa a ƙasa. Bugu na farko, kowa ya tsaya inda yake. Sai ya ga numfashinsu ya kwanta, sannan ya yi na biyu, kowa ya kama gabansa.

"Kada ki sa hannu tsakaninsu," ya taɓa ce mata. "Kunnen Zinariya za ki duba. In ya kwanta, wasa ya ƙare. Shi yaro ne, bai san ƙarfinsa ba."

Yanzu ga shi Barau na cewa da an dawo daga maƙabarta zai jefa karen a bola.

Bayan la'asar Mastura ta shiga wurin Baba da ruwan ɗumi. Ɗakin na warin magani da tsohuwar fata. Baba ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma sandar na hannunsa.

"Mastura," ya ce da ƙyar, "me ya sa suka yi shiru?"

"Suna nan, Baba."

"Ƙarya kike, 'yar nan. An yar da shi."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ajiye kofin, ta fita, ta kwance igiyar.

"Ke, wane irin rashin kunya ne wannan?" in ji Barau.

"Abeg, matsa min. Ba ya tsallake dokin ƙofa, Baba ya koya masa. Oya, Danfo, je ka."

Danfo ya zo a guje. Zinariya na kwance a bakin ƙofar, ya faɗa mata, suka birkice a kan siminti, haushi da huci, har suka kifar da butar alwala. Kunnuwan kyanwar suka kwanta. Daga cikin ɗaki sanda ta bugi ƙasa, a hankali.

Suka tsaya cak. Danfo ya zauna, harshe a waje, ƙafarsa ɗaya dab da dokin ƙofar amma bai taka ba.

Mutanen gida ma suka yi tsit, ana jiran bugu na biyu. Ba a jin komai sai ƙarar okada daga titi. Barau ya leƙa ɗakin, ya durƙusa a gefen gado yana salati. Da ya ja mayafi ya rufe fuskar, sandar ta zame ta faɗo kan tabarma.

Mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa, aka aika a kira liman. Ana ta shige da fice, ana tsallake kyanwa da kwikwiyo, amma ba su motsa ba, idonsu na kan ɗakin.

Mastura ta shiga ta ɗauko sandar. Mariƙinta na da ɗumi har yanzu.

"Wannan kuma fa?" Barau ya tambaya.

"Nawa ne yanzu, su biyun," ta ce.

Ta buga ƙasa sau ɗaya. Zinariya ta miƙe ta haye taga. Danfo ya dubi ɗakin, ya dubi sandar, sannan ya biyo ta a hankali yana jan igiyarsa.