Hular Kwano Biyu

Tun da matarsa Saudat ta rasu, Musbahu bai ƙara taɓa maɓallin nan na babur ɗinsa ba. Babur ɗin babba ne, ɗan Kwatano, irin wanda ake saita shokozobarsa da lantarki: ka danna, hoton hular kwano ɗaya ya fito a allo in kai kaɗai ne, biyu in da goyo. Nasa kullum a biyu yake, don sai ya sauke ta a asibitin da take aiki a Panshekara sannan ya wuce kamfanin fata a Challawa.

Yanzu ba kowa a baya, sai bayan babur ɗin ya ɗage ya yi tauri, kowane rami ya doke shi a ƙugu. Haka ya cinye damina. Ranar da ciwon baya ya hana shi ruku'u yadda ya kamata, ya daure ya danna. Allon ya ƙyafta, ya koma biyu.

Ya kai babur ɗin wurin Ado, mai gyaran manyan babura a bayan wani sito a Sharada.

"Oga, wannan ai ba babur ba ne, ofis ne mai taya," in ji Ado.

Ya auna batir, ya duba fiyus, duk lafiya. Ya durƙusa ya kara kunne a jikin shokozoba. "Ku danna."

Musbahu ya danna.

"Shiru kake ji. Akwai ɗan inji a ciki, da lafiyarsa lau da ya yi mini kukan sauro. Ko dai wuta ba ta isa gare shi, ko ya mutu. In ya mutu, babu shi a Kano, sai ku ci gaba da zama a biyu."

Musbahu ya ji wani sanyi a ransa, har ya ji kunyar kansa. In ya mutu, shi ke nan, ba shi ya sauke Saudat daga babur ɗin ba.

"Amma rabonku da canza shi ya jima," Ado ya ce yana bin waya da yatsa. "Ko Hajiya ce ta ce kada a taɓa mata kujera?"

"Ta rasu. Kafin azumi."

Hannun Ado ya tsaya. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta. Ku yafe ni, Oga, bakin nan nawa ba shi da birki."

"Amin. Ba komai."

Daga nan aka ci gaba da bin waya. Can ƙarƙashin kujera Ado ya zaro soket, haƙoran soket ɗin sun yi kore shar.

"Ruwan hanyarku ne. Ruwan Challawa ko ƙarfe bai bari ba." Ya kankare, ya fesa mai, ya ɗora mita. Wuta ta zo. Ya mayar da soket ɗin, ya tayar da babur, sannan ya tsaya yana goge hannu, bai kalli Musbahu ba.

"Akwai saitin laushi daban. In kuna so a bar hulunan yadda suke, sai in sa muku shi. Zai rage dukan, amma gaskiya ba zai hana ba."

Musbahu ya hau. Ya daɗe yana kallon allon, ƙafafunsa a ɗage, yatsunsa kawai ke taɓa ƙasa. Ado ya koma gefe yana jera sifanun da tuni suke a jere.

Musbahu ya yi bismilla ya danna. Allon ya nuna hular kwano ɗaya.

Ƙarƙashinsa wani abu ya yi ɗan kuka siriri. A hankali bayan babur ɗin ya sauka, har tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa.

"Ya yi?" Ado ya tambaya daga inda yake.

Musbahu ya gyaɗa kai. Ya ɗaga masa hannu alamar godiya, ya sa giya, ya bi bayan wata tirela a hankali, bai yi ƙoƙarin wuce ta ba.